Ranar da Na Shayar da Bangon Baba

Baba ya rasu wata Talata da hantsi, a farkon bazara, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, babu wanda zai tsaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya masa kabari fiye da yadda ya sanyaya wa mutane zaure. Wannan addu'a ta ƙarshe ba tawa ba ce, a bakin Liman na ji ta, kuma da na ji sai da na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

A zauren gidanmu na Durba aka yi zaman makoki. A waje ƙasa ba ta takuwa don zafi. Mutum zai shigo yana tsiyayar gumi, ya yi sallama, ya yi mana gaisuwa, ya zauna, sai ka ji ya sauke ajiyar zuciya. Wanda ya zo da niyyar minti biyar sai ya kai la'asar. Wani dattijo da ya zo daga Fassi ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya ce, "Kai jama'a, kun ji zauren nan kuwa? Wannan albarka ce. Mutumin kirki ko ɗakinsa daban yake."

Aka amsa masa, "Ƙwarai kuwa, albarka ce."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu na san abin da suke kiran Baba da shi yana da rai: Mai Shayar da Bango. 'Ya'yansu ma sun ɗauka, har waƙa suka yi masa. Yau da ya mutu sun samo wa sanyin suna mai tsarki, don kada su ce tsohon magini ya san wani abu da su ba su sani ba. Mutanenmu sun iya yabon gawa. Raina ya ɓaci, amma ɗan mamaci ba ya musu a zaman makoki, sai na ci gaba da cewa amin.

Ranar sadakar uku Yaya, babban ɗan Baba, wanda yake kasuwanci a Kano, ya tara mu a gaban Baffa, ƙanen mahaifinmu. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce zauren yana bakin hanya, ya tsufa, za a rushe shi a yi shaguna na bulo da siminti. Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Kai da kake Rano kana koyar da yara, me ka sani a harkar gini?" Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Kabarin mutum bai bushe ba kuna maganar diga? A bari sai an yi arba'in. Ranar dangi duk suna nan, a duba zauren, abin da aka gani shi za a yi."

Ni kuwa na ƙudura a raina, ranar arba'in sai na sa duk wanda ya zauna a zauren nan ya ji kunyar cewa a rushe shi.

Bari in faɗi yadda zauren yake, tunda yanzu sai dai faɗi. Bango uku na ƙasa ne, masu kauri, irin na kowa. Na huɗun, wanda yake fuskantar arewa maso gabas, shi ne na Baba. Yumɓu ya ɗebo daga wata fadama, ya kwaɓa da ƙaiƙayin gero, ya buga tubala, ya kai wa mata masu ginin tukwane suka gasa masa su kamar yadda ake gasa randa. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, ta bar tubalin da 'yan ƙananan kafofi, in ka ɗauka sai ka ji ba nauyi. Da ya zo jerawa bai haɗe su ba, ya riƙa barin tsakani inda iska za ta ratsa. A saman bangon ya kwantar da wata 'yar hanyar ruwa mai kamar indararo. In ya hau tsani ya juye bokiti biyu a ciki, ruwan sai ya riƙa tsatsafowa a hankali har tubalan su yi naso daga sama zuwa ƙasa. Iska ta biyo ta cikinsu, ta shigo zaure da sanyi kamar ta fito daga bakin randa.

Ina yaro na taɓa tambayarsa, "Baba, ruwan ai ba mai sanyi ba ne, ya aka yi yake sanyaya ɗaki?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka ruwa ne yake sanyayawa? Tafiyar ruwan ce. In zai tashi sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi. Ruwan da ya zauna bai yi maka komai ba."

Haka maganarsa take, gajeriya, kuma ba ya maimaitawa. Iska a wurinsa kamar dabba ce da yake kiwo. Yakan ce, "Yau iska tana jin ƙishi," ko ya ce, "Yau ta ƙoshi, ko ka roƙe ta ba za ta sha ba." Da safe in ya fito sai ya shafa ruwa a bayan hannunsa, ya ɗaga hannun sama, ya tsaya shiru kamar mai sauraron kira daga nesa. Wata rana ya sauke hannun ya nufi tsani. Wata rana ya sauke ya ce a mayar da bokitin. Ranar da iska ta bushe amma ta tsaya cik, yakan zuba kaɗan, ya ce mai ƙishi ce amma gurguwa, ba za ta iso bangon ba. In rana ta juyo tana dukan tubalan kai tsaye sai ya kafa zana a gabansu, ya ce ranar za ta shanye ruwan ita kaɗai ta bar mu da zafinta. Akwai rijiyar da ba ya yarda a ɗebo masa ruwanta, don yana barin fari-fari kamar kanwa a jikin tubali ya toshe kafofin. Duk ƙarshen rani yana zama da soso da tsinke yana goge su ɗaya bayan ɗaya, Inna tana ce masa ko haƙoransa ba ya yi wa wannan hidima.

Da na girma na fara koyarwa, na sayi wani ɗan littafi ina rubuta irin waɗannan maganganu nasa. Ya gan ni sau ɗaya ina rubutu, ya leƙa, ya ce, "Malamin makaranta, ka rubuta iskar ma?" Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Bai gaji sauƙin hali ba, kada wani ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Baba yana da baƙar magana, kuma in ya san yana da gaskiya ba ya yi wa kowa rangwame. Masallacin unguwarmu shi ya gina shi tun yana da ƙarfinsa, da bango irin wannan a gefe ɗaya. Shekarar da aka ce za a gyara masallacin, aka yanke shawarar a shafe shi da siminti ciki da waje, a bi da fenti mai ƙyalli. Baba ya je wurin taron ba a gayyace shi ba, ya ce, "In kuka shafe bangon nan kun toshe masa hanci."

Liman ya ce, "Haba Malam, ɗakin Allah ne fa, ba randa ba ce."

Baba ya ce, "Ai randa ta fi ku sanin bazara."

Aka ce ya yi wa Liman rashin kunya a gaban jama'a. Baffa ya sa shi ya je ya ba da haƙuri, ya tafi yana gunaguni, ya dawo yana gunaguni. Aka shafe bangon, ya yi kyau, kore shar. Da bazara ta zo masallacin ya zama tanda. Baba bai daina zuwa jam'i ba, amma kullum da mafici a hammatarsa, kuma da an sallame azahar sai ya ratsa sahu ya miƙa wa Liman da hannu biyu, cikin ladabi, ba tare da ya ce uffan ba. Bazara guda yana wannan. Shekara kusan huɗu tsakaninsu sai gaisuwa.

Sai ciwon suga ya kama Liman, aka ɗora shi a kan allurar da dole a ajiye ta a wuri mai sanyi. Wutar lantarki a garinmu kowa ya san halinta. Baba ya ji labari a bakin mata. Bai je gaisuwa ba, bai aika ba. Ya zare tubali biyu daga tsakiyar bangonsa, ya yi wani ɗan gurbi, ya sa 'yar tukunya mai murfi a ciki, sannan ya tura ƙanwata ta gaya wa matar Liman a kawo maganin. Kullum da safe Liman da kansa yake zuwa zauren mutumin da ya yi wa gorin randa, ya zauna, a miƙo masa. Har suka koma hira. Amma da hadari ya fara haɗowa a kudu, Baba ya ɗauko tukunyar ya ajiye masa a gaba ya ce, "Liman, daga yau bangona ba shi da amfani a gare ka. Iska ta ƙoshi. Ka nemi mai firji a Rano, kada ka mutu a ce ni ne." Wannan shi ne Baba. Ba ya yi wa bangonsa ƙarya, ko don a yabe shi.

Wannan Liman ɗin ne ya zauna a makoki ana cewa albarka ce, yana gyaɗa kai. Shi ya fi kowa sanin abin da yake ciki, kuma bai buɗe baki ya ce mutumin nan ilimi gare shi ba. Wannan shirun nasa ya fi waƙar yara yi mini ciwo.

Shi kuwa Yaya kunyar bangon yake ji tun da can. Da zai aurar da 'yarsa, surukai za su zo daga Kano, ya turo masu shafe da buhunan siminti ba tare da ya yi shawara ba. Ya ce bangon ya yi gansakuka, kamar na makewayi. Baba ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gindin bangon ya zauna, ya ce su fara shafewa ta kansa. Masu aiki suka yi tsuru-tsuru, suka kwashe kayansu. Yaya bai ƙara tayar da maganar ba sai da ya tabbata babu mai shimfiɗa tabarmar.

A kwanakin makoki ni na riƙa hawa tsanin. Bokiti biyu da safe, ɗaya bayan azahar, zauren ya yi sanyi kamar mai shi yana nan. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ban san cewa a irin waɗannan kwanaki, da iska take a bushe tana kaɗawa daga arewa, ko akuya ce ta zubar da ruwa a bangon zai yi sanyi ba. Na ɗauka na gaji hannun Baba. Bayan sadakar bakwai na koma Rano bakin aiki, na kulle zauren, ina lissafin kwanaki.

Ranar arba'in na iso Durba da sassafe. Tun a kan babur na ji rigata tana manne mini a baya, amma hankalina yana kan taro. Sama ta yi fari-fari, can kudu akwai gajimare a kwance, ganyen darbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi. Na leƙa cikin gida na gaida Inna daga bakin ƙofa, tana cikin takaba, ta fara cewa in shigo, na ce ina zuwa, baƙi sun kusa. Na sa aka kawo mini jarka huɗu. Na ce yau ba ranar bokiti biyu ba ce. Har na shafa ruwa a bayan hannuna na ɗaga sama kamar yadda yake yi, don masu wucewa su gani. Ban ji komai ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina me rashin jin yake nufi ba.

Na juye jarka biyu. Tubalan suka jiƙe suka yi duhu. Mutane suka fara cika zauren, Baffa a gaba, Liman a gefensa, Yaya da abokansa na Kano cikin manyan riguna. Aka fara karatu. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran in ji ajiyar zuciyar nan, shiru. Sai na ga hula ta fara sauka daga kai, ana fifita da ita. Ƙanwata ta leƙo ta soron ciki ta yafito ni, ta ce, "Yaya Malam, Inna na kira."

Na ce, "Ce mata ina zuwa."

Na zagaya na hau tsani na ƙara jarka ta uku. A tunanina ruwan ne bai isa ba. Ruwan kuwa babu inda ya tafi. Ya tsaya a jikin tubalan yana ƙyalli, ya gangaro, ya taru a gindin bango, ya fara bin daɓe yana shiga ƙarƙashin tabarmi. Numfashin mutum hamsin ya haɗu da laimar bangon, zauren ya koma kamar madambaci. Gumi yana zuba ba ya bushewa. Ƙanwata ta sake fitowa, ta ce, "Inna ta ce don Allah ka zo yanzu, kafin ka ƙara." Na daka mata tsawa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, na ce ba ta ganin aikin da nake yi ne? Na juye ta huɗun.

Ba a kai ƙarshen addu'a a ciki ba. Wani tsoho ya ce jiri yake ji, aka kama shi aka fitar. Daga nan aka riƙa zamewa ɗaya ɗaya, ana naɗe tabarmi jiƙaƙƙu, aka koma gindin darbejiya aka ƙarasa a can. Inda bangon Baba ya haɗu da na ƙasa, kusurwar ta sha ruwa har wani ɓangare ya zaftare ya faɗo. Dattijon nan na Fassi ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Allahu akbar. Albarkar ta bi mai ita."

Da Yaya ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kama hannun Baffa kawai, ya kai shi kusurwar, ya nuna masa da ɗan yatsa. Baffa ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "To, ɗana, ai ka gani da idonka." Na dubi Liman. Yana can yana gyara rawaninsa.

Aka ce mini ƙanwata ta fito karo na uku, ta hango ni zaune a kan jarka, ta koma. Ban shiga cikin gida ba ranar. Na hau babur na koma Rano ko abincin sadakar ban ci ba.

Kwana tara bayan haka aka sa diga. Ban zo ba, labari aka ba ni. An ce lebura ɗaya ya ɗaga tubali yana mamakin rashin nauyinsa, ya tambaya wane irin bulo ne wannan, babu wanda ya iya ba shi amsa. Ƙasar bangon uku wani manomi ya kwashe a amalanke ya kai gonarsa taki. Tubalan Baba kuwa aka farfasa su aka cike ramin da yake gaban gida, inda ruwa yake kwanciya da damina.

Na rubuta wannan ne don kada sunan da yara suka sa masa ya zama shi kaɗai ya rage. Mahaifina magini ne, ya san ƙasa, ya san ruwa, ya san iska, kuma ya yi shekara arba'in yana faɗa a garin da ya fi son fenti. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Liman, ina jin haushin duk wanda ya sha sanyin zauren nan ya tashi ya kira mai shi mahaukaci. Amma babu ɗayansu da ya hau tsani ranar arba'in. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya sa aikin hannunsa ya zame masa haske.

Sai da aka yi ruwan farko na iya komawa gida. An fara jera bulo a inda zauren yake, na ratsa ta gefen yashi na shiga. Inna tana zaune a ɗakinta a kan tabarma, da carbi, ba ta gama takaba ba. Ba ta ga rushewar ba, ƙarar kawai ta ji. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Can ta ce, "Sau uku na aika."

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Hankalina ne ba ya jikina."

Ta ce, "Shekara shida ke nan hannun babanku ba ya jin sanyi ba ya jin zafi. Ɗagawar nan da kake gani yana yi, sabo ne kawai. Gishirina yake tambaya. In na buɗe kwano da safe na ga yana warwatse, in ce masa hau. In ya dunƙule yana manne wa cokali, iska ta ƙoshi ke nan, in ce masa bari. Ko sau ɗaya gishirin bai ba mu kunya ba."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini tun ranar uku ba?"

Ta ce, "Shi ya hana. Yana kwance a nan inda kake ya ce mini, kada ki faɗa wa malamin makarantar nan da baki, rubutawa zai yi a littafi ya rufe. Ki bari sai ranar da gishirin ya jiƙe, ki kira shi, ki zuba masa a tafin hannu ya murza da kansa. Ya ce daga ranar ba za ka ƙara mantawa ba, kuma zauren ya zama naka."

Ta ajiye carbin, ta buɗe hannunta na dama tana kallo.

"Ranar arba'in ya jiƙe. Na ɗebo na riƙe maka tun hantsi, ina jin ka kana juye ruwa. Ina riƙe da shi har ya narke."